A ina fim ɗin The Invention of Lying ya ɓata jigonsa?

Ɗan Gwammaja

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga marubuta labarin fim ce da masu tace hoto. Akwai wani fim ɗin barkwanci na Turanci da ya fito a 2009, The Invention of Lying, wanda Ricky Gervais da Matthew Robinson suka rubuta, su ne kuma suka ba da umarni. Labarin wata duniya ce da ba a taɓa yin ƙarya a cikinta ba, ba a ma san ana yi ba. Rana ɗaya sai wani marubuci mai suna Mark Bellison, wanda aka kora daga aiki, ya gano zai iya faɗar abin da ba haka yake ba, kowa kuma ya gaskata shi. Duk wanda ka ba shi labarin a taƙaice sai ya yi dariya tun bai gani ba. Amma in ka zauna kallo, rabin awar farko ce kawai ke da armashi, daga nan sai fim ya yi sanyi har ya ƙare a kan neman aure. A ina ne takamaimai ginin ya tsage? Laifin rubutu ne, ko na 'yan wasa, ko na tacewa? Kuma mai son rubuta irinsa da Hausa, me zai kiyaye?

Malam Na-Alƙalami

Wa alaikumus salam. Ɗan Gwammaja, laifin rubutu ne, kuma tun a shafukan farko aka tafka shi, sai dai ciwon bai bayyana ba sai da tafiya ta yi nisa.

Fim irin wannan doka guda yake tsayawa a kai, kuma dole marubuci ya iya faɗarta a jimla ɗaya. Su sun ce dokar ita ce ba a ƙarya. Amma abin da suka rubuta doka biyu ce: ba a ƙarya, kuma ba a yin shiru. Duba fitar da Mark ya yi da Anna, matar da yake so, cin abinci. Ba wanda ya tambayi yaron gidan abincin komai, shi da kansa ya ce kunyar aikin nan yake ji, ya kuma ce ya ɗan kurɓi abin shan kafin ya kawo. Mahaifiyar Anna ta kira ta a waya, ita kuma ta zayyana mata munin Mark yana zaune a gabanta. Sakatariyarsa a ofis, wadda Tina Fey ta fito a matsayinta, ta sanar da shi irin tsanar da ta yi wa aiki a ƙarƙashinsa. Mai gaskiya yana iya kawar da kai, yana iya canza magana, yana iya cewa ba zan amsa ba, duk bai yi ƙarya ba. Waɗannan mutanen ba gaskiya ce ta yi musu yawa ba, linzami ne babu a bakinsu.

Dalilin da ya sa marubutan suka yi haka a fili yake: shiru ba ya ba da dariya da wuri, cin fuska kuwa yana bayarwa. Amma wasan guda ɗaya ne tak, wani ya shigo ya faɗa wa Mark shi gajere ne mai ƙiba mai guntun hanci. Na farko da na biyu za ka yi dariya. Kafin a kai na goma ka riga ɗan wasan sanin abin da zai faɗa. Babbar asarar ma ita ce, barkwanci yana rayuwa ne a tazarar da ke tsakanin abin da baki ya faɗa da abin da ke cikin zuciya. Gervais ya fi kowa sanin wannan, don a kan wannan tazarar ya gina shirin The Office a BBC a 2001: manaja mai yaudarar kansa, ma'aikata suna kallon juna ba su ce komai ba. A nan ya toshe wannan tazarar ga kowa in ban da mutum ɗaya. Shi ya sa ga Rob Lowe, ga Jonah Hill, ga Louis C.K., ga Jeffrey Tambor, amma kowa murya ɗaya yake magana da ita, a miƙe, ba hawa ba sauka. Ba gazawarsu ba ce, abin da aka rubuta musu ke nan.

Tsagewa ta biyu ta fi ta farko muni, kuma tana cikin fitowar da ta fi kowace kyau a fim ɗin. Mai gida na bin Mark kuɗin haya dala 800, asusunsa dala 300 ne. Ya je banki, kwamfuta ta tsaya, ma'aikaciyar ta tambaye shi nawa ne a ciki, ya ce 800. Nan take kwamfuta ta dawo ta nuna 300. Ta kalli allo, ta kalle shi, ta ba shi haƙuri ta ce na'urar ce ta yi kuskure, ta ƙirgo masa 800. Fitowa ce mai daɗi ƙwarai. Amma ka lura da abin da ta koya wa mai kallo: ko hujja na gaban ido, maganar Mark ce ke cin nasara. Daga wannan minti babu sauran abin da za a ji wa jarumi tsoro. Fim ɗin maƙaryaci kuwa da fargabar tonon asiri yake tafiya. Mu da muka ce ramin ƙarya ƙurarre ne, ai ƙurewar ce abin kallo. An ba mu rami marar iyaka.

Ko a tatsuniyar Gizo da giwa da dorina, daɗin ba a yaudarar kaɗai yake ba. Ya ba kowa bakin igiya ya ce dokinsa ne a ɗaya gefen, suna ta ja, mai sauraro kuwa jira yake a zo wurin da su biyun za su haɗu su gane. Wannan haɗuwar ce babu a fim ɗin. Ga shi kuwa hanyar a buɗe take: banki na rufe lissafi kullum da yamma, dala 500 ta yi ɓatan dabo. Gidan cacar da Mark ya kwashe, inda ya ce ya ci alhali bai ci ba, su ma suna da littafi. Mutanen duniyar sun san kuskure, tunda ma'aikaciyar ta ɗora wa kwamfuta shi. To mai binciken kuɗi guda ɗaya, marar wayo ma, da zai lura duk inda lissafi ya ƙi daidaita sunan mutum ɗaya ne ke wurin. Ba zai iya tunanin ƙarya ba, amma zai yi ta bin sawu yana neman bayani. Wannan kaɗai ya isa ya riƙe tsakiyar fim.

Hajiya Mai Labari

Malam ya gama magana a kan doka. Ni abin da zan ƙara, a ajiye shi gefe da Liar Liar na 1997, na Jim Carrey, wanda Tom Shadyac ya ba da umarni. Jigon juyin wancan ne: kowa na ƙarya, mutum ɗaya ne ya kasa. Ba wai ya fi shi zurfin tunani ba ne, a'a, na Gervais ya fi shi buri nesa ba kusa ba. Amma ku duba yadda aka ɗaure shi.

Jarumin lauya ne, wato ƙarya ce jarinsa. Ɗansa Max ya cika shekara biyar, uban bai zo bikin ba, yaron ya yi fatan uban ya kasa ƙarya na kwana ɗaya. Awa 24 ke nan, ba ƙari. A cikin awoyin nan aka jefa shari'ar saki wadda ba a cin ta sai da shaidar zur, kuma ita ce za ta ɗaga shi a ofis. A daren ranar ne tsohuwar matarsa za ta hau jirgi zuwa Boston da yaron. Ga wa'adi, ga abin da zai rasa a aiki, ga abin da zai rasa a gida. Sannan aka yi ta ƙara matse dokar. Ya gwada cewa biro mai shuɗi ja ne, baki ya ƙi. Ya gwada rubutawa, hannu ya ƙi. A kotu ya gano ba ya ma iya yin tambayar da ya san amsarta ƙarya ce. Ya shiga banɗaki ya lakaɗa wa kansa duka don a ɗage zama, alƙali ya tambaye shi ko zai iya ci gaba, dole ya ce e. Kowace ƙofa ya nufa sai a rufe ta. A ƙarshe da dokar da kanta ya ci shari'ar: ya gano matar ta yi ƙaryar shekarunta, tana da 17 lokacin da ta sa hannu a yarjejeniyar kafin aure, don haka takardar ba ta da ƙarfi. Duk wannan a cikin minti 86.

Shi ma yana da irin cin fuskar da Malam ya faɗa, akwai wuraren da lauyan ke ɓaro maganar da ba a tambaye shi ba. Amma mutum ɗaya ne ke yi, sauran suna jin zafi, suna marinsa, suna kai shi gaban manya. Akwai sakamako.

Na Gervais fa? Ba wa'adi, ba abokin hamayya na gaske. Brad, mai neman Anna shi ma, wanda Rob Lowe ya fito a matsayinsa, kyakkyawa ne mai girman kai, amma da jimla ɗaya Mark zai iya kawar da shi. Abin da ya hana shi kawai ya ga dama ne. To labarin da jarumi zai iya gamawa a kowane lokaci in ya so, ina jan hankali a cikinsa?

Sai Anna, wadda ta fi ba ni haushi. Jennifer Garner ta yi iya ƙoƙarinta, amma magana ɗaya aka ba ta tun farko har kusan ƙarshe: tana jin daɗin zama da Mark, sai dai ba ta son haifar yara masu ƙiba da guntun hanci. Ta faɗa, ta sake faɗa, ta kuma faɗa. Mene ne haɗin rashin ƙarya da auren ƙwayoyin gado? Babu. Wata doka ce ta uku aka cuso don a samu abin da zai raba masoya. Kuma da aka koma kanta, ƙarya ta tashi daga zama injin labarin ta koma ado. Kashi na ƙarshe na fim ɗin, har da tsayar da ɗaurin aure a majami'a, za ka iya ɗauke shi ka dasa a kowane fim ɗin soyayya ba tare da ka canza komai ba.

A kasuwa ma an ga bambanci. An kashe wa na Gervais kimanin dala miliyan 18 da rabi, ya dawo da miliyan 32 da 'yan kai. Liar Liar ya haura miliyan 300. Sunan Carrey a lokacin ya taimaka, ba musu.

Edita Ɗan Zoo Road

Hajiya, Malam, na yarda da yawanci, amma kada a wanke ɗakin tacewa. Akwai ɓarnar da a can aka yi ta, ko aƙalla a can ya kamata a gyara.

Bayan banki, mai kallo abu ɗaya yake so: ya ga yadda mutumin nan zai gwada sabon ƙarfinsa mataki-mataki. An ba mu fitowa ɗaya cikakkiya, ta mashaya, inda yake gaya wa abokinsa Greg da mai sayar da giya cewa shi baƙar fata ne, shi ɗan fashin teku ne, shi ya ƙirƙiro keke, suna ta gyaɗa kai. Ta yi kyau don an bar kyamara ta tsaya a fuskokinsu, an ba kowace ƙarya daƙiƙa biyu ko uku ta zauna kafin ta gaba. Daga nan sai gaggawa. Taimakon mabaraci a banki, sasanta masoya masu faɗa, faranta wa tsofaffi rai, duk an dunƙule su cikin jerin gajerun hotuna da waƙa a kai, Mark na raɗa a kunne, mutum na murmushi, ba ma jin me ya ce. A fim ɗin ƙarya ka danne ƙaryar da kiɗa? Ai kalmomin su ne kayan. Kowace ɗaya a cikinsu fitowar minti biyu ce mai zaman kanta, kuma kowace na iya haifo matsalar da za ta dawo daga baya.

Haka aka yi da wurin aikinsa. A duniyar babu ƙagaggen labari, don haka fim shi ne mutum ya zauna a kujera ya karanta tarihi. Mark an ba shi ƙarni na 14, ba komai a ciki sai annoba, shi ya sa aka kore shi. Da ya dawo da labarin da ya ce ya tsinto a hamada, har da halittun sama jannati, ya zama mutum na farko da ya ƙaga labari a duniya. Wannan kaɗai fim ne guda. Cikin 'yan mintuna aka wuce shi. Tallan Coke ma, inda mai talla ke cewa ruwan sukari ne kawai ku dai ci gaba da saye, da na Pepsi a jikin bas, sun nuna marubutan na iya tunanin yadda kasuwa za ta kasance. Siyasa fa? Kotu fa? Cinikin mota? Ba a leƙa ba.

Inda na saɓa da ku, fitowa biyu ne da nake ganin sun cancanci a kare su. Ta asibiti, mahaifiyarsa na gargara tana tsoron abin da ke gaba, ya yi mata bayanin wani wuri mai daɗi don ta samu natsuwa, likita da nas-nas na tsaye suna saurare. An ɗauke ta kusa, ba kiɗa mai yawa, Gervais ya yi wasa na gaske. Ta biyu, Anna ta tambaye shi ko kuɗi da suna na canza abin da yara za su gada. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da aurenta. Kyamara ta tsaya a kansa, ya yi jim, ya ce a'a. Hajiya, wannan ita ce amsar tambayarki: abin da ke hana shi ba ganin dama ba ne, so yake a so shi ba da dabara ba. Matsalar ita ce an kai ga wannan a tsakiya, sauran fim ɗin maimaicinsa ne.

Sai gargaɗi ga wanda bai gani ba. Abin da ya biyo bayan asibiti shaguɓe ne ga addini kai tsaye. Jama'a sun cika ƙofar gidansa, ya rubuta dokoki goma a kan kwalayen Pizza Hut biyu ya fito yana karantawa, daga baya ma aka yi masa gemu da doguwar suma da mayafi. Gervais bai taɓa ɓoye cewa bai yarda da addini ba. Musulmi ko Kirista zai ji abin ya soke shi, kuma da gangan aka yi. Ko a ma'aunin sana'a kaɗai, wurin ya karya fim gida uku: barkwancin cin fuska, sai shaguɓen addini, sai soyayya, kowanne da saurinsa, ba wanda aka kai ƙarshensa. Tsawon duka kusan minti 100 ne, bai isa uku ba.

Ɗan Gwammaja

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Malam, in mutum zai gyara, a wane shafi zai sa mai binciken nan? Kuma ba zai fi kyau a samu maƙaryaci na biyu ba?

Malam Na-Alƙalami

Dukansu biyu za ka sa, amma ba lokaci ɗaya ba. Ɗauki rubutu mai shafi 90, a bisa lissafin da aka saba na shafi ɗaya minti ɗaya.

Shafi 1 zuwa 10, nuna duniyar, kuma ka yanke tun nan ko mutanenka na iya yin shiru. Shawarata su iya. Sai shirun ya zama abin tsoro: an tambayi miji ko miya ta yi daɗi, ya sunkuyar da kai, gida ya kama da wuta. Ka ga ka samu dariya ba ka zagi kowa ba. Ƙaryar farko kada ta wuce shafi 12 zuwa 15, ta zama ƙarama, ta dole, irin ta kuɗin haya. A nan Gervais ya yi daidai, sai dai ya ɗan makara.

Daga 15 zuwa 45, ƙarya huɗu ko biyar sun isa, da sharaɗi guda: kowace ta haifi ta gaba. Ya ce yana da kuɗi, sai a zo rance. Ya ce kuɗin na hannun ɗan'uwansa a wani gari, sai a shirya mota a je gaishe da ɗan'uwan. In za ka iya sauya wa fitowa biyu wuri labari bai lalace ba, to ba a ɗaure suke ba, jere kawai ka yi. Mai bincike ya bayyana wajen shafi 25, yana riƙe da littafin da ya ƙi daidaita, kuma ya zama mai ladabi, yana neman taimakon jarumin ne ma a kan ya gane inda kuskuren yake.

Maƙaryaci na biyu a tsakiya, shafi 45 zuwa 50. Kada ya zama baƙo. Wanda ya fi kusa da jarumi ne, wanda ya daɗe yana kallonsa har ya gane dabarar: aboki, mata, ko yaron shago. Daga nan jarumi ya ɗanɗani abin da bai taɓa ji ba, wato shakka. An gaya masa magana bai san ko gaskiya ba ce. A fim ɗin Gervais sai a fitowar ƙarshe aka nuna ɗan Mark ya gaji abin, yana yaba girkin uwarsa alhali bai yi daɗi ba. Abin da ya kamata ya buɗe rabi na biyu shi aka rufe fim da shi.

Daga 50 zuwa 75 mutum biyu na faɗar magana biyu masu karo da juna, jama'a kuma dole su gaskata duka. Nan ne dariyar da ta fi yawa take, don haka kada ka sa waƙa a kai. Sa wa'adi kuma: ranar ɗaurin aure, ranar zaman kotu, ranar da mai kaya zai dawo daga tafiya, a faɗe shi tun kafin shafi 30.

Hajiya Mai Labari

Ƙari kaɗan, ɗana. Masu kallon fina-finan Indiya su nemi na Govinda da Sushmita Sen na 2001, wanda David Dhawan ya yi a kan zubin Liar Liar. Za ka ga yadda waƙoƙi da faɗa da ƙarin dangi ke sassauta wa'adi in ba a yi hattara ba, kuma irin wannan jan labarin ne ke damun namu, musamman masu dogon zango. Jigon doka guda ba ya jure kashi ashirin. In furodusa ya matsa sai an ja, to kowane kashi ya samu tasa ƙaryar da nata tonon asirin, babbar kuma a ajiye ta.

Ɓangaren addini kuwa ka bar shi gaba ɗaya. Hukumar tace fina-finai ta Kano ba za ta bari ya wuce ba, masu kallo ma ba za su yafe ba, kuma labarin bai buƙace shi. Kasuwa da zawarci da bashi da siyasar unguwa sun ishe ka. Rubuta fitowar dillalin gida ko ɗan kamasho a tasha tukuna, shafi uku, ka karanta wa mutum biyar da babbar murya. In ba su yi dariya a shafi na biyu ba, dokarka ce ba ta zauna ba, koma ka sake ta kafin ka rubuta shafi na huɗu.